Rufin Ɗakin Mai Agogo

9 ga Fabrairu

Baffa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da ban-girma. Ina fata kana lafiya, kai da Inna da su Yaya da iyalansu. Yaya ƙugun nan naka? Yaya kunne? Na so in kira ka a waya, sai na tuna ranar da na gwada, kana ta “Wa ke magana?” har na gaji na kashe. Shi ya sa na ɗauko biro.

Ni ce Auta, ta wajen ɗan'uwanka marigayi. Rabon da ka ji daga gare ni tun rasuwarsa, shekara shida ke nan. Laifina ne, ba zan kawo wani uzuri ba.

Ni lafiyata lau, har yanzu ina tuƙa bas ɗin nan mai zagaya gari. Maigidana ne ba lafiya. Wata takwas da suka wuce jini ya hau masa yana zaune a bakin aiki, ɓarin hagu ya shanye. Alhamdu lillahi yanzu yana takawa da sanda, magana ma ta dawo, sai dai a hankali take fitowa, ɗaya bayan ɗaya. Hannun dama lafiya lau. Likita ya ce zai iya komawa kan gyaran agogonsa in yana so. To matsalar ke nan, Baffa, ba ya so.

A ƙarshen lambunmu akwai ɗan ɗakin katako, taku huɗu a tsawo, uku a faɗi, rufinsa gangare biyu ne da doro a tsakiya. Shi ya kafa shi da hannunsa shekarar da muka tare. Nan ne wurin aikinsa: tebur a gindin taga, fitila mai lanƙwasa wuya, da wani akwati mai durowa arba'in, kowane ɗan sukurun da sai ka ƙanƙance ido kafin ka gan shi yana da ɗakinsa. Rufin takardar kwalta ce, irin mai kaurin nan da ake sayarwa a naɗe, mai ɓarɓashin tsakuwa a baya. Yana kwance a asibiti iska ta yage ta. Yanzu ko'ina yoyo yake. Na jera bokiti biyu da bahon wanki da babbar tukunyata.

Na kira wani mai gyara. Ya zo ya zagaya, ya doki bango da ƙafa, ya ce, “Uwar gida, wannan ai rushe shi za a yi.” Maigidan nawa, Mai Agogo, yana zaune a bakin tagar falo yana ji. Kujerarsa kawai ya juya ya ba tagar baya, kuma har yau bai juyo da ita ba.

Na sayo naɗi guda na takardar da ƙusoshi, na aro tsani wurin maƙwabciyata, wata tsohuwar malamar makaranta. Ni zan hau. Ba cewa nake ka turo kowa ba. Shekara arba'in ka yi kana rufa wa mutane gidaje, ka rubuto mini yadda ake yi daki-daki, kamar yadda za ka koya wa sabon shiga.

A gaida Inna da kyau.

'Yarka,
Auta

24 ga Fabrairu

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Na karanta ta sau biyu, na biyun da tabaran Innarki, don nawa ya daina aiki. Muna nan lafiya. Ƙugu yana nan yadda kika san shi, shi ke gaya mini za a yi ruwa tun kafin rediyo ta faɗa. Kunne kuwa hutu ne, na daina jin gulma. Innarki tana gaishe ki, ta ce shekara shidan nan ba ta yafe ba sai ta gan ki ido da ido. Ki gaida surukina, Allah ya ƙara masa sauƙi.

Wancan mutumin da kika kira ba mai gyara ba ne, mai rusau ne. A zamaninmu wanda ya doki bangon mutum da ƙafa ba ya sake ganin ƙofar gidan.

Sai batun hawa. Auta, rufi ba wasa ba ne. Ni da kike gani na rufa bene mai hawa uku, na yi tafiya a kan doronsa hannuna a aljihu, ban taɓa zamewa ba. A kan wani ɗan shago da bai kai ɗakin naku tsayi ba na faɗo, ga ƙugu nan shaida. Ƙaramin rufi shi ya fi kayar da mutum, saboda raina shi ake yi.

Kuma ke 'yar babanki ce. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma ko ƙusa ɗaya bai taɓa bugawa ta shiga a miƙe ba. Ranar da ya ce zai taya ni aiki, sau uku yana buga yatsansa, na huɗun ya buga nawa. Daga ranar na ce ya riƙa taya ni da addu'a.

Amma tunda kin ce ke za ki hau, kuma na san taurin kan gidanmu, bari in gaya miki tun yanzu ba kwana-kwana. Takardar nan da kika sayo, za ki kasa

4 ga Maris

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu ma muna nan, Mai Agogo yana shan magani, ƙafar tana ƙara ƙarfi.

Na ga saƙonka. Na juya bayan takardar, fari fat. Na zazzage ambulan, ba komai. Ko sa hannu ba ka yi ba. “Za ki kasa.” Abin da shekara arba'in ta tara maka ke nan ka ba ni.

Gaskiya ne babana bai iya ƙusa ba. Amma bai taɓa gaya wa ɗan wani zai kasa ba, balle nasa. Kuma yana kabari, Baffa, ba zai iya rama maka ba.

Ranar da na je koyon tuƙin bas, mai koyarwar ya dube ni sama da ƙasa ya ce in gwada ofishin tikiti, can ya fi dacewa da ni. Yau shekarata goma sha ɗaya ina juya mota mai cin mutum saba'in a lungun da ƙananan motoci ke ja da baya, ban taɓa goge madubin kowa ba. Shi kuwa mai koyarwar, a motata yake zuwa asibiti duk ranar Talata, kuma nakan jira shi ya zauna kafin in tashi.

Ban karanta wa Mai Agogo takardarka ba. Na ce masa kana gaishe shi, wannan dai gaskiya ne.

Ranar Asabar ina hutu. Zan hau.

Auta

19 ga Afrilu

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna. Mako shida ke nan ban ji ko tari daga wajenka ba. Mu dai muna lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Na hau kamar yadda na ce. Da sassafe na fara, ana sanyi, takardar ta sandare kamar busasshiyar fata, duk inda na lanƙwasa sai ta tsage. Ban cire tsohuwar ba, na ga ai kauri biyu ya fi ɗaya. Na fara daga doro na gangaro, na shimfiɗa ta sama, sannan na ɗora ta ƙasa a kanta. Ƙusoshin kuma dogaye ne, da na shiga ciki sai na ga bakinsu sun leƙo ta silin kamar haƙoran kifi. Amma daga waje, wallahi, ya yi kyau. Malama maƙwabciyata har tafi ta yi mini. Na kwashe bokitan da bahon da tukunyata na mayar kicin, ina tafiya ina jin kaina. Kwana tara na yi ina rubuta maka amsa a zuciyata.

Rana ta goma aka yi ruwa ina bakin aiki. Ina tuƙi ina murmushi. Da na dawo da la'asar na buɗe ɗakin, sai na tarar ruwan ya bi bakin haɗin ya shige ƙarƙashi, yana zuba a layi ɗaya daga bango zuwa bango, daidai kan teburin. Da can wuri huɗu ne ke yoyo, kuma da bokiti a ƙarƙashin kowanne. Yanzu ba bokiti ko ɗaya, don ni na kwashe su. Durowa takwas na sama sun cika taf.

Na ɗauko akwatin na kawo falo na shimfiɗa jarida. Ƙananan sifirin ɗin agogo sun fara tsatsa. Ina cikin juye su sai na ji sandarsa a bayana. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, “Wa... ya ce... ki taɓa?”

Na ce, “Gyara nake maka.”

Ya ce, “Kin haɗa... na hannu... da na bango.”

Ya buga sanda a ƙasa har kofi ya yi tsalle a kan tebur. Ya ja kujera, ya ce in ba shi hantsakinsa da gilashin idon nan nasa, ya kore ni daga falon. Kwana biyu bai yi mini magana ba. Na shiga banɗaki na yi kukana. Amma zan gaya maka wani abu. Rabon da mutumin nan ya yi fushi tun kafin ciwon. Wata goma komai aka ce masa sai “to”. Ranar nan har wuyansa ya yi ja. Kuma saboda yana neman haske, ya juya kujerar ta fuskanci taga.

Ka ce zan kasa, na kasa. Na rubuto ne don kada ka ji a bakin wani. Na mayar da bokitan, na rufa leda a sama na danne da bulo. Tsanin Malama yana wurina, ban mayar ba, kuma ba ni da niyyar mayarwa yanzu.

In fushi kake yi da maganar da na gaya maka, ka ci gaba, na san na yi zafi. In kuwa ciwo ne, don Allah Inna ta sa wani ya sanar da ni.

'Yarka,
Auta

2 ga Mayu

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya yanzu. Ba fushi ba ne, ido ne. Yanar ido ce ta rufe mini su duka biyu, aka yi mini aiki, na dama tukuna, bayan mako uku na hagu. Likita ya hana ni karatu. Takardunki biyu sun zo Innarki ta ɓoye su a gwangwanin zarenta, don ta san ba na yarda yayyenki su karanta mini saƙona. Shekaranjiya aka ba ni izini. Yanzu ina ganin har ƙurar da ke kan kabad, Innarki ta ce gara da.

Na buɗe ta farko na karanta, na ce yarinyar nan ta haukace ne? Yaushe na ce za ta kasa? Na yi ta faɗa har maƙwabta suka leƙo. Innarki ta ce, “Shafi nawa ka rubuta?” Na ce biyu. Ta ce, “Nawa ka sa a ambulan?” Na ce wace irin tambaya ce wannan. Ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙunshi, ta kwance, ta zuba maɓallai a tafin hannunta, ta miƙo mini takardar. Shafi na biyu ne. A kan tebur na bar shi, ido bai gani ba, ita kuwa ta ga takarda mai kyau ta ƙunshe maɓallanta. Ga shi nan na sa miki, da lanƙwasarsa da komai. Ki ɗora shi a ƙarƙashin na farko ki karanta. Za ki kasa TA GIDA UKU, Auta. Rabawa nake nufi. Ɗaya na gangaren dama, ɗaya na hagu, ɗaya na doro.

Fensirin ya dushe, don haka bari in sake faɗa da biro.

Ki yage komai, naki da tsohon, har sai kin ga katako tsirara. Ki zare kowace ƙusa da awartaki. Ki bi falankan da tsinin wuƙa, wanda wuƙa ta nutse a cikinsa ya ruɓe, ki canza shi. Ki share tas, don tsakuwa ɗaya a ƙarƙashi za ta huda miki aiki.

Ki sayo sabuwar takarda da gajerun ƙusoshi masu faɗin kai, irin waɗanda ba sa tsatsa. Ki jira rana mai ɗumi wadda ba iska. Ki warware takardar a kan ciyawa ki bar ta ta sha rana, ta saki jiki. Kada ki yi mata dole tana sanyi, kin ga abin da ta yi miki. Kowane gida ki ƙara masa yatsa uku ta kowane gefe, na lanƙwasawa.

Daga ƙasa ake farawa. Ruwa gangarowa yake yi, saboda haka kullum ta sama ce ke hawa kan ta ƙasa, yadda gashin kaza yake. Ki shimfiɗa ta gangare, ki ja ta ta miƙe, ki kafe bakinta na sama, sannan ki lanƙwasa na ƙasa ki kafe a jikin katakon baki. Ki yi wa ɗaya gangaren haka. Ta doro ita ce ta ƙarshe, ta hau kan biyun da aƙalla faɗin tafin hannu, ki shafa gam ɗin kwalta a ƙarƙashin haɗin. Ƙusa da ƙusa yatsa huɗu. Ki buga har kanta ya kwanta, kada ya nutse. Kusurwa kuma ninkewa ake yi kamar kunnen ambulan, ba a yanke ta.

Sharaɗina ɗaya ne. Awo da yanka ba naki ba ne. Ki ba surukina. Mutumin da ke rarrabe sifirin na hannu da na bango, shi zan yarda da awonsa, ba direba ba. Ki gaya masa haka na ce.

Kuskuren da kika yi, na ɗora ta ƙasa a kan ta sama, ni ma na yi shi ina shekara goma sha tara. Maigidana da ke koya mini sana'ar ya sa na yage shi a gaban mai gidan da matansa da 'ya'yansa. Ko Innarki ba ta san wannan ba, kuma ba na son ta sani.

Batun babanki. Na faɗi abin dariya ne ga wadda na ɗauka za ta yi dariya, ban tuna ni na yi shekara sittin da shi ba, ke kuwa rashinsa kike ji. Ranar da na faɗo daga shagon nan, mutane sun kewaye ni suna salati, ba wanda ya taɓa ni. Shi ya ciro ƙyauren shagon da hannunsa, ya sa aka kwantar da ni a kai, ya riƙe gaba har bakin titi. Wata uku kullum yana zuwa ya juya ni a gado. Bai iya ƙusa ba. Ni ma akwai abubuwan da ya iya da har yau ban iya ba.

Ki hau da takalmi mai roba a ƙasa. Wani ya riƙe tsani.

Baffanki

25 ga Mayu

Baffa,

Assalamu alaikum. Barka da arziki, Allah ya ƙara hasken ido. Ina gaida Inna, ka ce mata maɓalli ɗaya ya maƙale a ninkin takardar ya biyo ambulan, yana wurina. Muna lafiya ƙalau.

Na haɗa shafukan biyu na karanta a tsaye a bakin ƙofa, ko jakata ban ajiye ba. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga nan kunya ta rufe ni. Ka yafe mini, Baffa. Maganar babana kuma na karanta ta sau uku. Ban san labarin ƙyauren nan ba, bai taɓa faɗa ba.

Wannan karon na karanta wa Mai Agogo duka. Da na zo wurin sharaɗinka sai ya ɗago kai ya ce, “Sake.” Na sake. Ya ce, “Dattijon nan... ya san mutane.”

Kwana biyu na yi ina yagewa. Ƙusa ɗari da sittin da uku na zare, Malama ce ta ƙirga tana jefawa a gwangwani. Falanki biyu sun ruɓe ta gefen da itacen maƙwabta ke yi wa inuwa, na canza su.

Ranar Lahadi rana ta fito, ko ganye ba ya motsi. Na warware takardar a kan ciyawa. Ina juyowa sai na ga mutumina a bakin ƙofar baya, da sandarsa, da tef ɗin awo rataye a wuya. Taku ashirin da shida ne daga ƙofar zuwa ɗakin. Tun da ya dawo daga asibiti bai taka lambun ba. Na yi kamar zan je in riƙe shi, Malama ta damƙe mini hannu ta ce, “Bar shi.” Ya iso da kansa.

Muka fito masa da tebur. Ina kan tsani ina miƙa tef ina faɗin awo, shi yana rubutawa. Sau biyu yana sa ni in sake, wai na ja tef ɗin a karkace. Ya danne takardar da gwiwar hannun hagu, ya ja wuƙa da na dama a jikin falanki. Baffa, ka ga yankan kuwa? Kamar da inji. Sannan ya ce yatsuna ba ma'auni ba ne, don na tsakiya ya fi sauran kauri. Ya yanko ɗan guntun katako daidai yatsa huɗu ya ce da shi zan riƙa auna tsakanin ƙusoshi.

Na fara daga ƙasa. Malama tana riƙe da tsani tana ba ni umarni kamar ina ajinta: “Kada ki kalli ƙasa. Na ce kada ki kalla!” Shi kuma daga kujera yana nuni da sanda: “Ta bakwai... ta kauce.” Na ce daga nan kake ganin ta bakwai? Ya ce, “Cire.” Na cire, na shafe hudar da gam, na sake bugawa. Yatsana sau ɗaya kawai na buga, ka rubuta wannan a inda kake rubuta tarihin gidanmu.

Ta doro ce ta ba ni wuya. Na hau na zauna kamar a kan jaki, gam a gwiwata, gam a goshina. Da na buga ƙusar ƙarshe sai na ɗaga kai. Daga can ana ganin lambunan layinmu gaba ɗaya, da shanyar kowa, har da titin da nake bi da bas. Na daɗe a zaune, ba na son saukowa. Malama ta ce hannunta ya gaji, in ina son zama a can sai in nemi wata.

Daga nan sai jira. Kwana goma sha ɗaya ba ko ɗigo. Ni da nake tsine wa ruwa, na koma ina leƙen sama a kowace tasha. Bokitan dai ban kwashe ba, na koyi darasi.

Ranar Alhamis ya sauko, irin mai ƙarfin nan da ke sa fasinja su shigo suna ɗiga. Na tashi aiki ƙarfe biyu na rana, ban tsaya canza kaya ba. Na shiga gida na kira shi, shiru. Falo ba kowa, kujerar ba ta nan, akwatin durowa ma ba ya nan. Na fita lambu a guje cikin ruwan.

Bokitan na fara gani, an jere su a waje, da bahon da tukunyata, ruwa yana cika su. Fitila tana ci a tagar ɗakin. Na tura ƙofa. Yana zaune a teburinsa, gilashi a ido, ya danne wani agogon hannu da hannun hagu yana kwance bayansa. Ashe shi da Malama suka yi ta jigila tun safe, durowa ɗaya-ɗaya. Ruwa yana dukan rufin kamar ana kiɗa a kansa. Na ɗaga kai na bi silin da ido daga kusurwa zuwa kusurwa. Na shafa da hannu. A bushe, Baffa, ƙayau.

Na tsaya ina jira ya ce wani abu. Bai ko ɗago ba. Ya ce, “Rufe ƙofa... kina shigo mini... da danshi.”

Ga hoton rufin nan, Malama ta ɗauka. Ka duba da sabon idonka.

'Yarka,
Auta

8 ga Yuni

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ido garau, ƙugu yana nan da halinsa. Innarki ta ce ki riƙe maɓallin, ki kawo shi da hannunki. Ki gaida surukina, ki ce masa na ga yankansa, ba ni da abin cewa. Ki gaida Malama, ban san ta ba amma na yarda da ita.

Na duba hoton da gilashin ƙara girma. Layin ƙusa ya miƙe. Haɗin doro ya kwanta. Kusurwar hagu ta gaba kin ninka ta ta yi kauri kaɗan, ba za ta yi yoyo ba, amma ni na gani.

Shekaranjiya na sa babbar rigata na tafi wurin mai sayar da katako, inda tsofaffin abokan aikina ke zama a kan benci suna ƙaryar abin da suka gina. Na karanta musu takardarki daga farko har ƙarshe, da ƙarfi, don ni ba na jin muryata. Na zagaya da hoton. Wani kafinta da muka yi shekara talatin muna musu ya ce ai wannan aikin mai sana'a ne, wa ya yi? Na ce 'yata ce, direban bas ce, a takarda na koya mata, kuma rabin takardar ma bai je da wuri ba. Ya ce ƙarya nake. Na ce ya nuna mini ɗansa ɗaya da zai iya. Na lura ya daɗe bai dawo mini da hoton ba.

Yanzu ga maganar da ta sa na rubuto. Ɗakin ajiyar da ke bayan gidana, inda kayan aikina suke, rufinsa ya fara ɗiga tun bara. Yayyenki sun hana ni hawa. Sun kulle tsanin da sarƙa sun tafi da makulli, kamar ni ɓarawo ne a gidana. Sun kawo mutum biyu su gyara, na dubi yadda suke riƙe guduma na sallame su tun daga ƙofa. Jiya babban yayanki ya ce to wa nake so, tunda kowa bai yi mini ba. Na ce ya kwantar da hankalinsa, akwai mai rufi a dangi.

In kin samu hutu ki zo, ke da surukina, ya taho da tef ɗinsa da guntun katakonsa. Ɗakin baƙi a ƙasa yake, ba matakala.

Shekara arba'in ina wannan sana'a, ban taɓa tsayawa a ƙasa wani yana sama ba. Ko maigidana da ya koya mini, da ya tsufa ni ke hawa shi ke miƙo kaya. Ban san yadda ake tsayuwar ba, amma Innarki ta ce ba ta da wuya, mutum ya kama da hannu biyu ne ya yi shiru. Shirun ne ban yi alkawari ba.

Ki zo. Ni zan riƙe miki tsani.

Baffanki